Bas Ya Zama Ɗaki: Yadda Ake Shirya Shekara Guda Ta Zagayen Dangi

A Amurka akwai masu sayar da gida su koma zama cikin mota mai gado da kicin da bayi, suna yawo jiha-jiha. Abin da ke sauƙaƙa musu shi ne masaukai na kuɗi da aka tanada a kan hanya: ka biya, ka jona wuta, ka jona famfo, ka zubar da dattin tanki. Daga Rano zuwa Birniwa ba za ka ci karo da irin wannan ba. Masaukinka a nan ƙofar gidan kawu ce, ko gindin darbejiyar gidan gwaggo. Don haka shirin motar ya rataya ne kan abu biyu: ta iya riƙe ku kwana biyu ko uku ba tare da kun nemi wuta ko ruwan kowa ba, kuma kada zuwanku ya zama nauyi a kan gidan da kuka je gaisarwa.

Wace mota?

Wadda bakanike a Gumel ko Ƙaraye zai buɗe ya gane, wadda kuma za a samu kayanta a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano a aiko da su ta tasha a yini ɗaya. A yanzu wannan Toyota Hiace ce, musamman doguwar nan mai tudun rufi da ake kira Hummer. Cikinta bayan kujerar direba ya kusa mita uku da rabi a tsawo, faɗi kamar mita 1.7, tsayi kamar mita 1.6, wato babban mutum zai yi tafiya a duƙe. Coaster ta fi faɗi, amma ba ta shiga lungun ƙauye kuma ta fi shan mai. Motar gida ta Turawa da aka shigo da ita a haɗe, ka bar wa mai son ado: ranar da wani ɗan ƙarfe ya karye a gindinta a Kafin Hausa, can za ta kwana wata guda.

Idan tsohuwar motar haya ka saya, sauya fenti ya koma fari, ka kuma sauya lamba. Lambar haya rubutunta ja ne, ta motar gida shuɗi. Ka bar ja, ’yan kamasho za su tare ka a kowace kwana suna neman kuɗin tikiti. Lokacin sabunta takardu ka faɗa wa ofishin cewa ka cire kujeru, don abin da ke takarda ya dace da abin da jami’i zai gani idan ya leƙa. Inshorar dole ta motar gida ta koma naira 15,000 tun Janairun 2023. Lasisin tuƙi, takardar lafiyar mota, abin kashe gobara, alwatikar gargaɗi da safaya mai iska, duk su zauna inda hannu zai kai. Gilashi mai duhu yana buƙatar izinin ’yan sanda. Labule mai kauri ya fi arha kuma ba ya jawo magana.

Aikin mai walda da kafinta

Kafin a yanka ƙarfe ko ɗaya, duba farantin da ke jikin ƙofa ko littafin motar ka ga nauyin da aka yarda ta ɗauka. Galibi bai wuce tan ɗaya da ’yan kai ba, kuma ku da kanku kuna cikin lissafin. Ruwa lita 100 kilo 100 ne. Batirin tubula mai 220Ah ya kai kilo 60. Buhun hatsi, gado, akwatuna, tukunyar gas, kayan gyara: kafin ka ankara sifirin ya kwanta. Mai nauyi duka ya zauna a ƙasa, tsakanin tayoyin gaba da na baya. Kaya mai nauyi a kan rufi shi ke kifar da bas idan taya ta fashe.

Gado a yi shi a tsaye da tsawon mota, don in aka gitta shi dogon mutum ba zai miƙe ƙafa ba. Firam na bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, inci ɗaya, ya isa. A ɗora filawud mai kauri milimita 12, a huda shi ramuka don katifa ta sha iska, sannan katifa mai ƙafa shida da huɗu da rabi. A ɗaga shi kamar santimita 45 daga daɓe, ƙarƙashin ya zama ma’ajiya. A ɗaure firam ɗin da noti a ramukan da aka cire kujeru, kada a yi masa walda da bodi: girgizar hanya tana tsaga walda, wurin kuma ya fara tsatsa. Kowace durowa a sa mata sakata. Abin da ba a ɗaure ba, ranar da ka taka birki da ƙarfi zai same ka a ƙeya. Injin Hiace yana ƙarƙashin kujerun gaba, saboda haka kada kafinta ya gina komai da zai hana a ɗaga kujerar a duba baƙin mai.

Babban abokin gaba zafi ne. A watan Afrilu inuwa kanta tana haura digiri 40, kwanon mota kuwa ba ya taɓuwa. A manna soso mai kauri santimita biyu da rabi zuwa biyar a cikin rufi da bango, a rufe da filawud milimita 6. A huda rufi a sa fanka mai zuƙo iska waje, a toshe gefenta da silikon sosai, a gwada da bokitin ruwa tun kafin damina ta gwada maka. Tagogi biyu masu fuskantar juna a yi musu ragar sauro a firam mai cirewa. Sannan tamfol mai mita uku da huɗu da sanduna biyu da igiya: wannan rumfar a gefen mota ita ce zaurenku da kicin ɗinku, kuma a bazara a ƙarƙashinta za a fi kwana, cikin gidan sauro.

Wuta

A nan mutane suka fi asarar kuɗi, don suna sayen kaya kafin su yi lissafi. Fara da abin da za ka kunna. Fanka biyu masu wat 20 na awa goma, 400. Ƙwan fitila uku masu wat 5 na awa biyar, 75. Cajin wayoyi da tocila, ka ce 60. Ƙaramin firji mai aiki da batir kai tsaye, a lokacin zafi, kamar 500 a yini. Jimilla ta ɗan haura 1,000. Farantin sola na wat 400 a ranar da rana ta fito sosai zai ba ka wajen 1,500 bayan an cire asara, wato ya biya har da ragi. Batir mai 12V da 200Ah yana riƙe 2,400 a rubuce, amma in na ruwa ne rabi kaɗai ya kamata ka ci, in ba haka ba wata shida ya mutu. Na lithium kana iya cin kashi 80 cikin ɗari, nauyinsa bai kai rabin na ruwa ba, ba ya zubar da asid a gargada, ba ya fitar da iskar da ke kama wuta yayin caji. Ya fi tsada, amma a ɗakin da za a kwana a cikinsa a rufe shi ya dace. Sai dai ba ya son zafi: kada a ajiye shi kusa da injin ko jikin bangon da rana ke duka.

Tsakanin faranti da batir a sa kwanturola, wato na’urar da ke daidaita caji, irin ta MPPT mai 40A. Inbata mai wat 1,000 ta ishi cajin kwamfuta da ƙaramin talabijin. Dutsen guga, hita da risho na lantarki ka manta da su. Inbata irin wannan tana jan kusan amfiya 90 daga batir, don haka wayarta ta zama mai kauri, mai lamba 25mm², gajera, da fis a tazarar tafin hannu daga kan batir. Yawancin gobarar da ke tashi a irin wannan haɗi daga siririyar waya ce, ko wayar da ta bi ta ramin ƙarfe babu roba har ta goge. Kada ka taɓa jona fanka ko firji da batirin tayar da mota; da asuba za ka nemi matasan gari su tura.

Akwai wani cin karo da ba a cika hangowa ba: mota tana son inuwa, sola tana son rana. Maganinsa a raba wat 400 ɗin zuwa faranti biyu, a kafa ɗaya a rufi, ɗayan a bar shi mai ɗaukuwa da waya mita goma, a jingine shi a rana, da sarƙa da kwaɗo. A hunturu ƙura kan rufe faranti cikin kwana biyu. Goge shi da tsumma mai laima kowace safiya kafin ya yi zafi.

Ruwa, girki da bayi

Jarka huɗu masu lita 25, sababbi, ba waɗanda aka taɓa zuba fetur ba. Mutum biyu masu tattali suna cin kamar lita 40 a yini da sha da girki da alwala da wanka, to kun sami kwana biyu da rabi. Jarka ta fi tanki ɗaya babba, don ana iya ɗora ta a kan babur zuwa burtsatse, kuma in ɗaya ta huje ba duka aka rasa ba. Ta sha a yi mata alama daban. Ruwan rijiya ko na kududdufi a tafasa, ko a sa ƙwayar tsarkake ruwa yadda aka rubuta a jikin fakitin. Jarkar da aka naɗe da jiƙaƙƙen buhun algarara aka ajiye a iska tana ba da ruwa mai sanyi ba tare da an taɓa batir ba.

Girki a waje ake yi, ƙarƙashin rumfa. Tukunyar gas mai kilo 6 ta isa, a tsaye, a ɗaure, cikin akwati mai rami a ƙasa da ya fita waje, saboda gas ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake taruwa. Duk lokacin da aka cika, a shafa ruwan sabulu a bakin tiyo. In ya yi kumfa akwai yoyo. A rufe kan tukunyar kafin a tayar da mota.

Wannan kuma a riƙe shi da kyau: kada a shigar da kaskon gawayi cikin mota don jin ɗumi a watan Janairu, kada a bar injin ko janareto yana aiki kusa da taga ana barci. Hayaƙin da ke kashewa ba shi da wari, mutum barci kawai yake zarcewa. Bargo biyu da safa sun wadatar. Haka nan yaro ba a barinsa cikin mota a rufe da rana, ko na minti biyar.

Bayi kuwa, yawanci na gidan da kuka sauka za ku shiga. Don dare da kan hanya a tanadi bokiti mai murfi da leda a ciki, a riƙa barbaɗa toka ko dusar katako, a zubar a masai da safe. Ba a bayan gari ba, ba a bakin gonar mutane ba.

Tsara shekara da yanayi

Kowa ya san zumunci a ƙafa yake, amma hanya ce ke faɗin lokacin da za a taka. A tashi bayan an gama girbi, wajen Nuwamba, an cika rumbu, an damƙa gida da dabbobi a hannun wanda aka yi magana da shi a gaban shaida. Daga nan zuwa Fabrairu shi ne lokacin dangin da ke fadama da nesa da kwalta: Auyo, Guri, Kirikasamma, ƙauyukan bakin kogin Haɗeja. Ƙasa ta bushe, dare da sanyi, mutane da abinci a hannu, bukukuwan aure ma a lokacin suka fi yawa. Matsalar lokacin hazo ce. Ranar da ya yi kauri a kunna fitila, a rage gudu, ko a haƙura.

Maris zuwa Mayu a rage tafiya. A tashi bayan sallar asuba, a sauka kafin ƙarfe goma sha ɗaya, don taya da lagireto sun fi ba da matsala da tsakar rana. A zaɓi gidajen da ke da bishiyoyi da ruwa kusa. Lokacin sanƙarau ne kuma, kada a cushe a kwana cikin mota babu iska.

Damina a manne wa kwalta: Wudil, Dutse, Birnin Kudu, Bichi, Kazaure, Gwarzo. Agusta da Satumba kogin Haɗeja kan yi ambaliya, musamman in madatsun Tiga da Challawa suka cika; a 2022 ruwa ya yanke hanyoyi da dama a Jigawa, har wasu garuruwa sai da kwalekwale. Ruwan da ya hau kan hanya, in bai bar ka ga ƙasa ba ko ya kai rabin taya, juya. Injin da ya zuƙi ruwa sai an sauke shi. Akwai wani dalilin kuma: a Agusta rumbun manomi ya yi ƙasa, kowa yana gona tun safe. Baƙon da ya zo a lokacin, ko dai ya zo da buhunsa ya kama fartanya, ko ya gaisa ya wuce. Mai gona da kansa gara ya tsara yadda zai kasance kusa da gida lokacin shuka da noman farko.

Azumi da Sallah suna matsowa da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara, don haka a duba inda za su faɗo tun kafin a zana hanya, a yanke gidan da za a yi kowace Sallah, a sanar da wuri. Rigimar “me ya sa ba a gidanmu ba” ta fi sauƙi a waya wata uku kafin lokaci. Batun ƙasaru, a mazhabar Malikiyya tafiyar da ta kai wajen kilomita 80 ake yi wa, kuma niyyar zaman kwana huɗu cikakku tana yanke ta. Mai irin wannan yawo ya zauna da malaminsa kafin ya tashi.

Ranakun kasuwa suna taimakawa wajen cefane, suna kuma toshe hanya: Wudil Juma’a, Maigatari Alhamis, Dambatta Lahadi.

Lafiyar mota

Tankin Hiace lita 70 ne, kuma da kaya ka yi lissafin kilomita bakwai zuwa tara a lita. Zagayen kilomita 12,000 a shekara zai ci wajen lita 1,500. Ninka da farashin ranar, ka ƙara kashi ɗaya cikin biyar. Tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 mai ne kashi mafi girma a kasafin. Kada tanki ya sauka ƙasa da kwata: famfon mai yana cikin tankin, man ne ke sanyaya shi. Man ’yan bumburutu in ya zama dole a tace shi da tsumma mai tsabta.

Juyen baƙin mai duk kilomita 5,000, da sauya filta. Filtar iska a kakkaɓe ta kowane mako a hunturu. Lagireto a zuba masa ruwansa na kanti, ruwan rijiya yana toshe shi da gishiri. Taya a karanta lambobi huɗun ƙarshe na shekarunta: 2322 na nufin mako na 23 a 2022, wadda ta haura shekara huɗu jami’an kiyaye haɗurra kan ɗauke ta a matsayin tsohuwa ko da zanenta bai cinye ba. A riƙe safaya biyu, fanbel, tiyon lagireto, fis, man birki, famfon iska mai aiki da batir, jak da katakon da zai zauna a kai, shebur, igiyar ja, da falanki biyu.

Falankin nan don rairayi ne. Hiace da tayoyin baya take tafiya, kuma arewacin Jigawa, wajen Babura da Maigatari da Birniwa, yashi ne. In ta fara tonawa, cire ƙafa daga totur nan take. Ƙarin wuta ƙara binne ta yake yi. Rage iskar tayoyin baya zuwa kusan rabi, share yashin gabansu, cusa falanki, fita da giya ta biyu a hankali, sannan ka mayar da iska kafin ka hau kwalta. Tafiyar dare a bar ta gaba ɗaya, kuma hanya irin ta dajin Falgore a tambayi direbobin tasha halin da ake ciki a ranar.

Sauka a gidan mutane

Kira kwana biyu kafin ka iso. Da isa, bayan gaisuwa, ka nemi mai gidan ya raka ka wurin mai unguwa ko dagaci, a kuma gaya wa ’yan sintiri. Farar bas da ba a sani ba, da mutane suna kwana a ciki, tana iya tara maka jama’a da sanduna cikin dare, kuma ba laifinsu ba ne. Kada a kwana a fili tsakanin gari da gari. In dare ya yi, a nemi harabar masallaci da izinin liman, ko kusa da ofishin ’yan sanda.

Abin da ya fi wuya shi ne ɗaki. Baffa ya sa an share, an shimfiɗa sabuwar tabarma, sai ka ce a mota za ka kwana: zai tambayi kansa me aka yi maka. Daren farko ka kwana inda aka ba ka. Washegari, in ka lura an tashi samari ne aka ba ka wurinsu, ka ce, “Baffa, a bar yaran nan su koma ɗakinsu, motar ma sai da mai gadi.” Da wannan kowa ya tsira da mutuncinsa. Uwargida kuwa cikin gida za ta fi sakewa, motar ta zama wurin kayanta da hutun rana.

Kwana uku shi ne haƙƙin baƙo. In za a wuce haka, a shiga cefane ba tare da an yi shela ba: kwano biyar na shinkafa ko gero, man gyaɗa, sabulu, a miƙa ta hannun uwargida zuwa ga matar gidan a matsayin tsaraba. Abincin da aka kawo a ci. Kunna gas a ƙofar gida alhali an ɗora muku tukunya a ciki cin fuska ne. Wayoyin unguwa za su taru a wurin solarka, to ka sa doka tun ranar farko: caji daga hantsi zuwa la’asar, lokacin da faranti ke ba da wuta. Za a kuma roƙi a kai mara lafiya asibiti ko a ɗauko amarya. Na farko ba a ƙi. Na biyu a faɗi kuɗin mai a fili.

Magungunan hawan jini da na suga a riƙe na wata biyu, nesa da zafi. Katin rigakafin yara da na awon ciki su bi ku, don kowane asibitin sha-ka-tafi zai karɓa. Zazzaɓi a yi gwaji kafin a sha magani. Takalmi a kakkaɓe shi da safe saboda kunama. Layin waya biyu na kamfanoni daban, da kuɗin hannu na cika tanki ɗaya a ɓoye, don POS na ƙauye yana bin sabis. Yaran da ke makaranta a bar su wurin kakanni su riƙa biyo ku a hutu. Shekara guda babu aji ba ta dawowa da sauƙi.

Kafin ranar tashi, a loda motar da komai yadda za a tafi, a kwana uku a cikinta a ƙofar gida ba tare da an shiga ɗaki ɗaukar ko cokali ba. Abin da aka nema aka rasa a rubuta. Abin da ba a taɓa ba a sauke shi. Sannan a yi gwajin kilomita hamsin da kayan, rabi kwalta rabi burji, a dawo a bi kowane noti da sifana.